Ƙuraje Masu Cibiya

Lahadi, 27 ga Afrilu, 2003

Yau kwana goma sha bakwai da rasuwarsa.

Da safe na shiga ɗakin tattabaru in yi shara, don tun da ya kwanta ba wanda ya taɓa wurin. Akwai wata tukunya can sama wadda ba tsuntsu a ciki. Na miƙa hannu in sauko da ita in kakkaɓe, sai na ji leda. A cikin ledar takardar asibiti ce, an ninke ta gida huɗu. Sunansa ne a sama, Lukuman Ibrahim. Shekara tara muna tare ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, ga shi yau na rubuta.

Turancina na firamare ne, amma haruffan nan uku kowa ya san su, suna jikin babban allon da ke bakin titi. Kusa da su an rubuta wata kalma da jan biro, an ja mata layi. Kwanan watan na Agustan bara ne. Wata takwas ke nan kafin ya rasu.

Na tsaya da tsintsiya a hannu. Tattabarun suna ta kukansu. Na jira in ji wani abu a raina, ban ji ba. Na ƙarasa sharar, na cika buhu, na wanke hannu, na dama wa Inna, surukata, kunu.

Takardar tana cikin wannan littafi. Littafin Islamiyyata ne, rabinsa ba rubutu.

Litinin, 28 ga Afrilu

Ashe ya sani.

Laraba, 30 ga Afrilu

A watan Agustan nan ne ya kwashe tabarmarsa ya koma zaure. Ya ce tari ne, ba ya son ya hana ni da 'yarmu Kubra barci. Na yi kuka a lokacin, na ɗauka na gundure shi. Har lalle na yi, har kitso na sake. Ya duba ya ce ya yi kyau, ya koma zaurensa.

Ina so in rubuta yadda abin ya tafi, kafin ya ruɗe min.

Ƙurji na farko a gefen hancinsa ya fito, bayan ƙaramar Salla da kamar wata guda. Ƙarami, kamar ƙwayar dawa, launin fatarsa, yana ɗan sheƙi. A tsakiyarsa akwai ɗan rami, kamar cibiya. Sai na biyu a goshi, sai wuya, sai bayan kunne. Ba ƙaiƙayi, ba zafi. Shi ya sa muka raina su. Kubra takan hau cinyarsa tana ƙirga su da yatsa, shi kuma yana dariya yana cewa ta tsallake ɗaya.

A Abbatuwa mutane suka fara wuce teburinsa. Wa zai sayi nama a hannun mai irin wannan fuska. Ya koma naɗa ƙyalle, daga baya ya daina fita.

Inna, mahaifiyarsa, da farko ta ce zafi ne, aka jiƙa sabara. Da suka ƙi tafiya ta ce hannu aka sa masa a wurin sana'a. Aka kira wanzami ya tsattsaga manyan, ya yi masa ƙaho a ƙeya saboda ciwon kai. Waɗanda aka tsaga ba su warke ba, suka zama gyambo mai baƙin ɓawo.

Ciwon kan shi ne abin da ba zan manta ba. Ba ya son haske. Wuyansa ya ƙage. Yana amai, yana kirana da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun yana yaro. Ba abin da ke kwantar masa da hankali sai kukan tattabarunsa, sai Inna ta ce a fito da gadonsa rumfar da ke jikin ɗakin tattabarun. Sati uku ya yi a nan. Kullum ina yi masa romon 'yan shila don ya sami ƙarfi.

Asibiti kwana biyar kawai ya yi. Yaya Ishaku, wansa, shi ke magana da likitoci. Mu aka ce mana sanƙarau ne.

Juma'a, 2 ga Mayu

Ranar wanka. Inna ta ce mai takaba Juma'a kawai take wanka da sabulu, haka aka yi mata, haka aka yi wa uwarta. Ta ba ni 'yar wuƙa in riƙa riƙewa ko banɗaki zan shiga, ta kuma rufe madubin ɗakina da zane. Malamarmu ta Islamiyya ta taɓa cewa waɗannan ba addini ba ne. Ba ni da ƙarfin musu. Ɗanta ne ya mutu.

Asabar, 3 ga Mayu

Sista Ngozika, nas ɗin da muka yi maƙwabtaka, ta zo gaisuwa. Ta je garinsu bikin Ista, sai da ta dawo ta ji.

Shekara bakwai muna katanga ɗaya a nan Nasarawa Gwom, ita ta karɓi haihuwar Kubra a ɗakin nan. Tun bayan rikicin Jos suka koma unguwar Daɗin Kowa, sau biyu kawai na gan ta. Ta yi ƙiba. Ta zo da garin rogo da manja, ta durƙusa ta gai da Inna, ta yi kuka sosai, ta fi ni yi.

Da muka shiga ɗaki na tura ƙofa na miƙa mata takardar. Ta karanta, ta ninke ta yadda take. Sai ta ce in gaya mata yadda ya yi ciwon, tun daga farko. Da na zo kan ƙurajen ta tsayar da ni.

"Da rami a tsakiya?"

Na ce da rami.

"Kuma kai yana ciwo. Maman Kubra, me ya sa ba ku aiko min ba? Ko a acaɓa ne da na zo."

Ta yi min bayani da Hausarta ta 'yan Jos, a hankali. Wai akwai wani abu dangin funfuna, irin wadda ke fitowa a jikin burodi, amma ido ba ya ganinsa. Yana cikin ƙasa, yana cikin busasshen kashin tsuntsaye, musamman tattabaru. Kowa yana shaƙarsa, mai lafiya jikinsa ya kashe shi bai ma sani ba. Amma wanda ƙanjamau ya cinye masa garkuwar jiki, sai abin ya zauna a huhu, ya bi jini, ya hau kai. Ƙurajen ba ciwon fata ba ne. Alama ce cewa abin ya riga ya zaga ciki. Ta ce wani lokaci fata takan nuna tun kafin kai ya kamu, kuma a wannan tsakanin akwai magani.

Na ƙirga a zuciyata. Tsakanin ƙurjin farko da ciwon kai, wata guda da rabi.

Na gaya mata maganar rumfar. Ta ce ba wanda zai iya rantsuwa cewa daga namu tattabarun ya samu, mai yiwuwa ya daɗe da shi a jiki. Ban sani ba ko gaskiya ce ko tausayi.

Ta ce dole in je a gwada jinina. Na ce takaba nake.

"Allah ya ce mai takaba ya zauna ya mutu? Tambayi malaminku. In ya ce haka, ni zan zo in yi magana da shi."

Ta kuma ce in daina sharar ɗakin nan. Na ce to.

Lahadi, 4 ga Mayu

Na yi sharar. In ban yi ba wa zai yi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Chuwang ya zo ɗaukar taki. Shekara biyar yana zuwa daga lambunsa na bakin tsohon ramin kuza, ya ɗauki buhun kashin tattabaru ya bar mana kabeji da karas. Bai ji rasuwar ba. Ya yi sallama yana tambayar oga. Da Inna ta gaya masa ya cire hula ya zauna a kan dutsen ƙofar gida, ya daɗe.

Ya ce buhun bana ya fi nauyi.

Litinin, 12 ga Mayu

Ruwa tun safe, da ƙanƙara. Sanyi har cikin ƙashi.

Kullum in na yi wa Kubra wanka sai na duba ta ko'ina, bayan kunne, hammata, tsakanin yatsu. Yau ta ce Umma me kike nema. Na ce ƙwarƙwata. Ta ce ƙwarƙwata a ƙafa?

Ba komai a jikinta sai tabon faɗuwa a gwiwa.

Talata, 20 ga Mayu

Sadakar arba'in. An yi waina da gumba, gida ya cika. Ina zaune a kan tabarma da wuƙata, ana shigowa ana cewa ya haƙuri, ina cewa da godiya. Bakina ne ke yi, ni ina wani wuri.

Na ji wata daga dangin Inna tana ce wa ta kusa da ita, ai duk wanda ya ga fuskar nan ya san ba ciwon Allah da Annabi ba ne, mahauta ba su da imani a kan kasuwa. Ɗayar ta ce Allah ya isa. Na sunkuyar da kai. Har wani sauƙi na ji da suka tafi ta wannan hanyar.

Da yamma Yaya Ishaku ya ce tunda ba mai kula da tattabarun, a yanka su a raba sadaka. Inna ta ce muddin tana numfashi ba mai taɓa ko gashin ɗaya. Tun yana ɗan shekara goma ya fara da guda biyu, a cikin gwangwanin madara. Ta ce in ta ji kukansu da asuba sai ta ga kamar yana nan yana watsa musu dawa.

Yaya Ishaku bai kalle ni ba duk yinin. Ina jin likitoci sun gaya masa. Ina jin shi ma yana jin na sani.

Juma'a, 23 ga Mayu

Wajen wanka, a ƙarƙashin haɓata ta hagu. Sabulu ne ya sa yatsana ya tsaya a kai.

Ƙarami ne. Na sa farce a hankali na bi samansa. Ban tabbata ba.

Na duba a murfin tukunya, fuskata ta fito a karkace, ban ga komai ba. Na tsaya gaban madubin da zanen a kansa, Inna tana tsakar gida. Ban ɗaga ba. Ba don ita ba.

Na kira Kubra na ɗaga haɓa na ce duba min nan, sauro ne ya cije ni? Ta leƙa, ta taɓa da yatsa.

"Irin na Baba ne. Ɗaya ne kawai, Umma."

Ta koma wasanta.

Asabar, 24 ga Mayu

Na ɗaura ɗankwali ta ƙarƙashin haɓa. Inna ta ce haka ya fi, mai takaba da rufe jiki.

Laraba, 28 ga Mayu

Ba abin rubutawa. Na dafa, na wanke, na share.

Lahadi, 1 ga Yuni

Sun zama uku. Ɗaya a wuya, ɗaya a gefen gira. Na gefen girar ba ya ɓoyuwa.

Abin mamaki ba tsoro nake ji ba. Kamar ana ba ni labarin wata mata a wata unguwa. Nakan ce Allah sarki, ga ta da ƙaramar yarinya.

Talata, 3 ga Yuni

Inna ta gani. Ta kama fuskata da hannu biyu ta juya ta wajen haske. Ta ce ba su ƙyale gidan nan ba, sun gama da shi sun dawo kaina. Ta ce gobe za ta aika a kira wanzami tun suna ƙanana.

Na ce a'a.

Shekara tara ban taɓa ce mata a'a ba. Ita ma ta tsaya tana kallona. Na ce Inna, an tsaga nasa, mun ga yadda ya ƙare. Asibiti za ni. Ta ce da takabar? Na ce da ita.

Ba ta ci tuwon dare ba.

Alhamis, 5 ga Yuni

Na tashi da ciwon kai. Na zauna a bakin gado ina juya wuyana hagu da dama, ina kallon taga in ji ko hasken zai dame ni. Kafin azahar ya tafi. Wataƙila yunwa ce.

Amma a wannan zaman na yi lissafin da ban so yi ba. Wata guda da rabi. Yau sati biyu saura kwana ɗaya.

Na ba direban da ke bin hanyar Bukuru saƙo ya kai wa Sista.

Litinin, 9 ga Yuni

Ta zo da kanta tun ƙarfe bakwai. Ta ce wa Inna, Mama ki ba ni aron 'yarki, zan dawo da ita kafin la'asar. Da za mu fita Inna ta biyo ni zaure ta cusa min wuƙar a ƙugu.

Wata biyu ban taka titi ba. Komai ya yi ƙara da yawa.

Asibitin mishan ne inda take aiki. Akwai wani benci a baya, can gefen ɗakin gwaji, kowa a kai yana kallon ƙafarsa. Na ga wata mai sayar da atamfa da na sani a kasuwar Taminus. Ta gan ni. Ba mu gaisa ba.

Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta sa safar hannu ta duba ƙurajen da ƙaramar fitila. Ta ce akwai wasu ƙuraje masu kama da waɗannan sak, waɗanda ba su da haɗari, ido ba ya iya rabe su, sai an kankara an duba. Ta tambaye ni ciwon kai, zazzaɓi, tari, ko na rame. Na ce zanena yana zagaye ni fiye da da, amma ai takaba ce. Ta rubuta.

An ɗebi jini. An kankari na wuyan. Sannan aka ce in kwanta a gefe in naɗe kamar jariri, za a ɗebi ruwa a bayana a ga ko abin ya hau kai. Wajen kwanciyar wuƙar ta faɗo ƙasa, ƙarar ta cika ɗakin. Ma'aikacin da zai yi allurar ya ja da baya. Sista ta ɗauka ta ce, "Kar ka damu, ba kai ta zo yanka ba, sai in ka yi mata allura sau biyu."

Aka yi dariya. Ina jin har da ni.

Alhamis za a ba da sakamako.

Talata, 10 ga Yuni

Bayana yana ciwo. Ina kwance. Kubra ta kawo min ruwa a kofi, rabi ya zube a hanya.

Alhamis, 12 ga Yuni

Ina da shi.

Likitar ta faɗa a hankali, tana kallon idona, Sista tana riƙe da hannuna. Na ce to. Ta ce ko ina da tambaya. Na ce a'a. Akwai kalanda a bangon mai hoton wani tafki, shi na yi ta kallo.

Ƙurajen ma irin nasa ne. Amma ruwan baya ya fito da tsabta, bai hau kai ba. Ta ce, "Kin zo a kan lokaci. Da yawa sai an ɗauko su a kafaɗa muke ganinsu."

An ba ni ƙwayoyi na funfunar, kullum, ba fashi, wata da watanni, ko ƙurajen sun tafi. Na ɗaya ciwon kuma an sa sunana a layi, ana jiran a kawo. Ta ce ba ya warkewa amma ana rayuwa da shi. Na ji ta kamar daga cikin rijiya.

Ta ce kada in ƙara kusantar ɗakin tattabaru. Ta ce a kawo yarinyar ita ma.

A mota Sista ta sayi masara gasasshiya ta ba ni rabi. Na riƙe ta har gida.

Asabar, 14 ga Yuni

Kwana biyu ban yi shara ba. Yau na ji ƙarar tsintsiya, na leƙa, Inna ce a ciki a duƙe, ƙura ta tashi fari fat tana shigowa ta tagar ɗakina. Kubra tana bakin ƙofa tana riƙe mata buhu.

Na fita na janye Kubra da ƙarfi har ta yi kuka. Ban taɓa jan ta haka ba.

Litinin, 16 ga Yuni

Na gaya wa Inna. Ba haka na shirya ba.

Na so in tsaya a rabi. Na ce likita ta ce ƙurar kashin tattabaru ce ke shiga ƙirji ta hau kai, dole a raba gidan da su. Sai ta ce ita ce ta sa aka kai gadonsa rumfar. Na ce an ce mai yiwuwa tun kafin nan yana da shi. Ba ta ji ni ba.

Can sai ta ɗago. Inna ba ta yi boko ba amma ba a yi mata wayo. Ta ce, Chuwang fa? Shekara nawa yana ɗaukar buhun nan a ka, ko atishawa bai yi ba. Ita kanta fa? Me ya sa sai shi, sai ni?

Na faɗi sunan ciwon. Sau ɗaya, ƙasa ƙasa. Na ce ya sani tun Agusta, na ga takardar.

Na ɗauka za ta ce ni na kawo masa. Na shirya wa wannan. Ba ta ce ba. Ta kalli ƙofar zaure ta daɗe, inda tabarmarsa take a naɗe har yanzu.

"Kada ki ƙara faɗar wannan kalma a gidan nan."

Ta tashi ta shiga ɗakinta.

Laraba, 18 ga Yuni

Ba ta yi min magana ba tun shekaranjiya. Tana karɓar abinci, tana mayar da kwano.

Juma'a, 20 ga Yuni

Chuwang ya zo da kwanduna biyu da ƙaninsa. Ba ni na kira shi ba. Inna ta tsaya a tsakar gida tana nuna masa, wancan mai koren wuya shi ne babba, waccan farar ba ta son a taɓa ƙwanta. Ta sa shi ya yi alkawari ba zai yanka ba. Ya ce Mama ko Kirsimeti ba zan taɓa su ba.

Sista ta ce a jiƙa wurin sharaf da ruwa kafin a kankare, kada ƙura ta tashi. Haka suka yi, da ƙyalle a hanci. Yaya Ishaku ya kafe ƙofar da kusa.

Ni ina ɗaki da Kubra, taga a rufe. Gidan ya yi tsit, har kunnena yana ƙara.

Asabar, 21 ga Yuni

Bayan sallar asuba Inna ta tsaya a bakin ƙofata, ba ta shigo ba. Ta ce, "Kin sha?"

Na ce yanzu zan sha. Ta tsaya har na haɗiye.

Talata, 24 ga Yuni

Sun dawo. Guda tara, a kan kwanon rufi, suna leƙen ƙofar da aka kafe. Daga lambun Chuwang can bayan Bukuru, ko ta yaya suka gane hanya.

Inna ta fito da dawa a hannu, ta tsaya, ta mayar da ita cikin kwano. Ta ɗauki zane tana kaɗa musu tana cewa ku tafi, ku tafi, ba ya nan. A nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Na tsaya a bayanta. Ni har yanzu nawa bai zo ba.

Laraba, 2 ga Yuli

Maganin yana sa ni tashin zuciya. Sista ta ce in ci wani abu tukuna.

Saura biyu a kan rufin.

Alhamis, 10 ga Yuli

Yau ina ninke kayansa da za a bayar, na ɗauki hularsa ta zuwa Juma'a, sai na ji ina magana da ita. Na ce wata takwas. Na ce ka kwashe tabarma ka koma zaure, ka ɗauka ka yi wani abu. Baki fa? Kana kallona ina yi maka romo, kana kallon yarinyar nan tana ƙirga maka fuska. Kunyata ka ji ko tsorona? Na ce da ka faɗa da na yi fushi, da na yi kuka, da na kai ka wurin Sista da ƙurjin farko.

Na jefa hular a bango. Daga baya na ɗauko na kakkaɓe ta. Har yanzu tana ƙanshin man kansa.

Ban sa ta cikin kayan bayarwa ba. Ban kuma yafe ba tukuna. Ina roƙa masa gafara a kowace salla, wannan daban.

Lahadi, 20 ga Yuli

Na gefen gira ya kwanta, sai ɗan baƙin tabo. Na haɓa ma yana bi. Ranar Laraba aka auna ni, na ƙaru kaɗan. Layin ɗaya maganin bai zo kaina ba, an ce wataƙila Satumba.

Jiya na ci tuwo malmala biyu. Inna ta ga na kalli tukunya ta ƙara min.

Saura kwana ashirin da wani abu in fita takaba. Da rana na buɗe keken ɗinki, na sa masa mai, don Kubra za ta shiga aji ɗaya bayan hutu kuma ba ta da rigar makaranta. Na auna ta tana ta motsi. Na yanka da girma, na yi wa gindin rigar lanƙwasa uku, yadda duk shekara zan warware ɗaya in sake mata tsawo. Sai da na cire ta daga keken na lura da abin da na yi. Ba wani abu ba ne. Yadin ne ya yi yawa.

Ta sa ta tana juyi a tsakar gida, ta ƙi cirewa har magariba.

Ba a ɗebi jininta ba tukuna. Sista ta ce in kawo ta ranar Litinin. Litinin biyar ke nan ban kai ta ba.